Daga zalunci zuwa sawaba: zubin addini da almara cikin gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba a Nijar

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin siyasar Nijar sun saba kallon jam'iyyar Sawaba ta fuskoki biyu: fuskar yaƙin cacar baka tsakanin ƙasashen Gabas da na Yamma, da fuskar hamayyar mutum biyu, Jibo Bakari da Jori Hamani. Kowace fuska tana da tushe, amma akwai tambayar da dukansu ba su amsawa. Shugabannin Sawaba ƴan boko ne da ƴan sandika, waɗanda suka koyi siyasa cikin Faransanci, daga littattafan gurguzu da tarurrukan ƙungiyoyin ma'aikata. Yaya aka yi maganarsu ta shiga kunnen mahauci a Damagaram, da direban babbar mota a Ƙwanni, da tela a Tasawa, mutanen da galibinsu ba su taɓa zama bencin makarantar boko ba?

Abin da wannan ƙasida ke son nunawa shi ne, manufar jam'iyyar sabuwa ce, amma an zuba ta cikin wani tsohon zubi da jama'a ta riga ta sani daga addini da tarihin baka. Zubin yana da matakai huɗu: zalunci, hijira, dawowa, sa'an nan sawaba. Shi ya ba jam'iyyar ƙarfinta, shi kuma ya taimaka wajen rufe ma shugabanninta ido a cikin shekara ta 1964. Za mu bi batun ta hanyar kalmomi, domin cikinsu ne zubin ya fi bayyana.

1. Abin da muke nufi da almara

Kalmar almara a nan ba ta nufin ƙarya. Muna nufin labarin da al'umma ke ɗauka ta fassara halin da take ciki, ta gane wane ne azzalumi, wane ne mai ceto, ina aka fito, ina aka dosa. Masanin tarihin nan na Faransa, Raoul Girardet, cikin littafinsa na 1986 bisa almarun siyasa, ya ware guda huɗu da ke yawan dawowa cikin siyasar ƙasarsa: almarar makirci, ta mai ceto, ta zamanin alheri da ya wuce, da ta haɗin kan al'umma. Wannan ya isa ya nuna cewa lamarin bai keɓanta ga Afirka ba. Ya kamata a faɗi haka tun da farko, saboda rahotannin kwamandojin mulkin mallaka sun saba ɗaukar duk wani motsi mai launin addini a matsayin jahilci ko tsattsauran ra'ayi, alhali siyasar Faransa kanta cike take da irin wannan zubi.

2. Kalmar sawaba

A Hausar yau da kullum, sawaba tana kusa da sauƙi. Ana cewa mara lafiya ya samu sawaba, ko wata hanya ta fi sawaba, ko a yi addu'a a ce Allah ya kawo sawaba. Duk inda aka ambace ta, akwai wani nauyi da ya riga ya danne mutum, ana jiran a ɗauke shi.

Asalinta Larabci ne, kuma nan ne nazarin harshe ke da abin cewa. Tun cikin 1947 Greenberg ya nuna cewa kalmomin aro na Larabci sun shigo Hausa rukuni biyu: na farko ta bakin fatake, na biyu ta hannun malamai. Cikin rukunin malamai, harafin Larabci da ake rubutawa th da boko ya koma s: misali, hadisi, wasiƙa, Usman. Haka shi ma harafin sadi ya koma s: salla, sadaka, sahihi. Sakamakon haka, kalmomin Larabci biyu masu saiwa dabam, watau ṣawāb, abin da yake daidai, da thawāb, ladar da Allah ke bayarwa, in an furta su da bakin Bahaushe sauti ɗaya suke bayarwa. Mutumin da ya yi makarantar allo, in ya ji an ɗaga murya an ce "Sawaba!", yana iya jin abu uku a lokaci guda: sauƙin rayuwa, da gaskiya, da sakamako. Babu kalmar Faransanci ɗaya cikin sunayen jam'iyyun lokacin da ke ɗauke da wannan kaya.

Kalmar ta riga ta shiga siyasa a Kano, inda aka kafa jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agusta 1950, aka kuma sa ma takardar manufofinta sunan Sawaba. Iyakar da Ingila da Faransa suka ja ba ta hana ƴan kasuwa da direbobi da almajirai zirga-zirga tsakanin Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram ba. A Nijar, sawaba kirarin taro ce kafin ta zama suna. Jam'iyyar da Jibo Bakari ya kafa a 1954 sunanta UDN, bayan haɗewarta da BNA a 1956 ta koma MSA, amma baƙaƙen nan na Faransanci sun tsaya a takarda, bakin jama'a ya riƙe Sawaba.

Haka abin yake ga sauran kalmomin siyasar lokacin. Zalunci, adalci, jama'a, haƙƙi, duka daga wa'azi suka fito. Ita kuwa kalmar da aka fassara samun mulkin kai da ita, ƴanci ko ɗiyauci, ta fito ne daga ɗa ko ɗiya, kishiyar bawa. Ga mutanen da aka soke ma aikin tilas a 1946 kawai, waɗanda kuma ke biyan lanho kowace shekara, kalmar ba ta buƙatar sharhi.

3. Tsohon zubi

Zubin matakai huɗu ya samo asali daga tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: tsanani a Makka, hijira zuwa Madina, komawa da nasara. A ƙasar Hausa ya samu sabon rai da Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Littafin Kitabul Farƙi da ake danganta masa ya lissafa nau'o'in zaluncin sarakuna, kuma ko da yake da Larabci aka rubuta shi, ya kira wasunsu da sunayensu na Hausa, kamar jangali da gaisuwa. Tun lokacin aka samu harshen da talaka zai tuhumi mai mulki da shi ba tare da ya fita daga addini ba.

Abin lura shi ne, waɗanda jihadi ya ci su ma sun shiga zubi ɗaya, ta ɗaya gefen. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa zama a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma sun kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sarkin Maraɗi ya ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina, kuma hare-haren da irin su Ɗan Baskore suka yi ta kai ma tsohon birni suna nuna cewa zaman Maraɗi an ɗauke shi zaman jiran komawa. Watau a kudancin Nijar, wanda ya gaji ɓangaren Shehu da wanda ya gaji ɓangaren Haɓe duka sun san labarin mai gaskiya da aka kora, wanda zai dawo.

Zuwan Nasara ya ƙara ma zubin zafi. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi, sauran mabiyansa suka ƙarasa Sudan. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya ta da jama'a a Kobkitanda cikin ƙasar Doso. Da Faransawa suka murƙushe tawayen, ya ƙetara zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda aka yi tawayen Mahadiyya na Fabrairu 1906. A nan an ƙara mataki ɗaya bisa tsohon labari: mulkin Nasara alamar ƙarshen zamani ce, mai ceto yana tafe. Karin maganar Hausa ma sun riƙe wannan lissafi, inda ake cewa bayan wuya sai daɗi, ko komi nisan dare gari zai waye.

4. Raƙumi da giwa, 1954 zuwa 1959

Jibo Bakari, wanda aka haifa a Sudure kusa da Yamai a 1922, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya yi aikin koyarwa, ya zama babban sakataren PPN, reshen RDA a Nijar. Da RDA ta raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1950, shi bai bi ba, ya koma ga aikin sandika. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a zaɓen 31 ga Maris 1957 kuma jam'iyyarsa ta samu kujera 41 cikin 60, ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Tushen ƙarfinsa shi ne ƙananan mutanen birane da na bakin hanya: direbobi da yaransu, ƴan kamasho, masu sana'ar hannu, ƙananan ma'aikata, da matan da ke zaman kansu. Mutane ne da suka bar ƙauye, suka fita daga inuwar sarki, ba su kuma samu wuri cikin sabon tsari ba.

Alamomin jam'iyyu suna da muhimmanci inda mafi yawan masu zaɓe ba su karanta boko. Alamar RDA giwa ce, ta Sawaba raƙumi. A kirarin Hausa giwa ta sarakuna ce, da ita ake wasa mai mulki. Raƙumi kuwa dabbar ayari ne, mai ɗaukar kaya, mai jure ƙishirwa da doguwar tafiya. Ga wanda ya san ƙissoshin annabawa akwai ƙari: bisa taguwa aka yi hijira zuwa Madina, kuma taguwar Annabi Salihu ce azzalumai suka soke, halaka ta biyo baya. Giwar RDA alama ce ta ƙungiyar da ta game yankin Afirka ta Yamma, ba don Hausawa aka zaɓe ta ba. Amma mai sauraro da harshensa yake fassara abin da ya gani, kuma a Hausa karon giwa da raƙumi ya yi daidai da karon sarauta da talakawa. Da gwamnatin Jibo ta tuɓe wasu sarakunan kanto, fassarar ta ƙara zama.

Zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 shi ne inda almara biyu suka haɗu. Janar Dogol shi ma mai ceto ne cikin labarin Faransa: ya bar ƙasarsa zuwa Landan a 1940, ya dawo da nasara a 1944, ya janye daga mulki, aka sake kiransa a 1958. Sawaba ta yi kira a ce a'a, watau a karɓi ɗiyauci nan take. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Colombani, wanda ya jawo sarakuna da wasu abokan tafiyar Jibo zuwa ɓangaren i, ya kuma sa nauyin hukuma duka cikin zaɓen. Sakamakon da aka bayyana ya ba i kashi 78 cikin ɗari, a'a kashi 22, kuma waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi, Jori Hamani ya hau a Disamba 1958, aka haramta Sawaba a Oktoba 1959.

A lissafin siyasa wannan shan kashi ne. A lissafin tsohon zubi kuwa mataki na biyu ne kawai. Fitar Jibo da manyan jam'iyyar zuwa Bamako, daga baya Akara, ta dace da kalmar da Hausa ke da ita tun da, gudun hijira, kuma duk wanda ya ji hijira ya san abin da ke biye da ita. Mulkin kan da aka samu a ranar 3 ga Agusta 1960, a hannun waɗanda suka ce i, bai canza komi ba ga idon ɗan Sawaba, tun da sawabar da aka yi alkawari ba ta iso ba.

5. Dawowar da ba ta yiwu ba, 1964 zuwa 1965

Daga gudun hijira jam'iyyar ta tura matasa karatu ƙasashen Gabashin Turai, ta tura ɗaruruwa koyon aikin soja a Sin, Aljeriya, Biyetnam ta Arewa da Gana. Koyarwar yaƙin sunƙuru da suka samu ta ginu bisa cewa talakawa suna jiran tartsatsi ne kawai su tashi. Wannan koyarwa ta faɗa daidai cikin mataki na uku na tsohon zubi, inda wanda aka kora ke dawowa, gari ya buɗe masa ƙofa. Ra'ayi biyu masu asali dabam, ɗaya daga Sin ɗaya daga makarantar allo, suka ba da amsa ɗaya, kowane yana ƙarfafa ɗan'uwansa. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci, watau ko jama'a na da halin tashi, ba ta samu nauyin da ya kamace ta ba.

A kakar 1964 ƙananan rundunonin Sawaba suka shigo ta iyakokin kudu da na yamma. Abin da suka tarar ya bambanta da abin da suka bari. Cikin shekara biyar gwamnatin PPN ta kafa ƴan bangar jam'iyya, ta riƙe sarakuna, tana da goyon bayan sojan Faransa da ma'aikatan leƙen asirinta, ta kuma kama da yawa daga cikin waɗanda za su tarbi masu dawowa. Aka sa mutanen ƙauyuka farautar baƙi, wasu bisa yarda, wasu bisa tsoro. Cikin ƴan makonni yunƙurin ya watse. A Oktoba 1964 aka harbe wasu daga cikin waɗanda aka kama a gaban taron jama'a a Yamai.

Ita ma gwamnati da harshen almara ta mai da martani. Ta kira Sawaba ƴan ta'adda, ƴan amshin shatan Sin da Gana, watau almarar makirci. Ta gabatar da jam'iyya ɗaya a matsayin jikin al'umma, watau almarar haɗin kai. Sa'an nan a ranar 13 ga Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin sallar Layya a Yamai, da nufin kashe Jori Hamani. Shugaban ya tsira, yaro ƙarami ya rasu. Ta fuskar zubin da muke magana, wannan hari ya juya labarin: jinin yaro a filin idi ya sa rigar azzalumi ta koma wuyan masu da'awar ceto, shugaban da ya fita lafiya kuma ya zama wanda Allah ya kare. Kame da azabtarwa suka ƙaru. Da aka kifar da Nkrumah a Fabrairu 1966, jam'iyyar ta rasa babbar mafakarta.

6. Almara bayan shan kashi

Jibo Bakari ya dawo gida bayan juyin mulkin Saini Kunce na 15 ga Afrilu 1974, amma a 1975 aka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu kashi 2 cikin ɗari ba. Ya rasu a 1998. Mai ceton da ya dawo da tsufa, cikin jerin ƴan takara, ya riga ya fita daga labarin da ya ɗaukaka shi.

Zubin kuwa ya samu wata hanya. Abdulaye Mamani, ɗan Sawaba daga Damagaram wanda ya yi gudun hijira ya kuma sha ɗauri, ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980. Abin da ya faru a tarihi sananne ne: a Afrilu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi karo da mutanen Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, ƙarƙashin Sarauniyarsu. Takardun Faransawa ƴan layuka suka ba ta. A Lugu, Sarauniya muƙami ne na addinin Azna da ake gada. Mamani ya ɗauki wannan ya gina jaruma ɗaya tilo da ta ce a'a lokacin da sarakuna suka miƙa wuya ko suka haɗa kai da baƙo. Duk wanda ya san 1958 zai gane fuskokin da ke bayan labarin. Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya kai ta ƙasashen duniya. Abin da jam'iyya ta kasa yi da bindiga, ɗanta ya yi shi da alƙalami, kuma a wannan karo ya ɗauko kayan aikinsa daga addinin gargajiya.

Littafin Klaas van Walraven na 2013, wanda ya ginu bisa hira da tsofaffin ƴan Sawaba da takardun ajiya na ƙasashe da yawa, ya dawo da tarihin jam'iyyar fili bayan dogon shiru. Daga baya hukuma ta karɓi jaruman biyu: a 2023 mahukuntan soja suka ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu, a Oktoba 2024 kuma titin Yamai da ke ɗauke da sunan Janar Dogol ya koma titin Jibo Bakari.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da abu uku. Na farko, ra'ayin siyasa ba ya ƙetara daga harshe zuwa harshe hannu sake: da gurguzu ya shigo Hausa, da kalmomin wa'azi ya yi magana, kalmomin kuma suka zo da nasu labari. Na biyu, zubin da ke tara jama'a yana iya hana shugabanni ganin halin da jama'ar ke ciki, domin yana faɗin ƙarshen labari tun kafin a auna ƙarfin abokin gaba. Na uku, zubin ba mallakar kowa ba ne. Masu jihadi da Haɓe, ƴan Mahadiyya, ƴan hamayya da masu mulki, kowa ya yi aiki da shi, kuma almarar da ta tashi a bakin talaka tana iya ƙarewa bisa allon titi da hatimin gwamnati.

Aikin da ke gaban masu nazarin harshe shi ne tattara waƙoƙin jam'iyyu, da kirari, da zambo na shekarun 1954 zuwa 1965, cikin Hausa da Zabarmanci, daga faifan rediyo da bakin iyalan waɗanda suka yi zamanin, a bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. A nan ne za a ga yadda talaka da kansa ya fahimci sawabar da aka yi masa alkawari.